Zaɓen manhajar gyaran ɗanyen hoto ga mai ɗaukar hoto a Damagaram

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Sallah ya san cewa hasken garin nan ba ya yi wa kyamara sauƙi. Ga farar shadda tana walƙiya a tsakar rana, ga fuskar mai ita a cikin inuwar rawani, ga kuma ja da koren tufafin dogarai, kuma ana so dukansu su fito a hoto guda ba tare da wani ya cinye wani ba. Idan aka bar wa kyamara hukunci, wato aka ɗauka a tsarin JPEG, sau da yawa ko dai rigar ta ƙone ta zama fari fat babu alamar aikin da ke jikinta, ko kuma fuskar ta nutse cikin duhu. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu suka koma ɗaukar ɗanyen hoto, wanda kyamarori ke rubutawa RAW a jerin zaɓinsu. Sai dai komawar ba ta kashe matsalar ba, ta dai sauya mata wuri, domin ɗanyen hoto ba ya kalluwa yadda ya kamata sai an bi ta kansa da manhaja, kuma manhajojin suna da yawa.

Kafin a yi maganar zaɓi, ya kamata a san abin da ke cikin fayil ɗin. Faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara ba ya ganin launi da kansa. An shimfiɗa masa matata mai ƙananan gidaje na ja da kore da shuɗi, rabinsu kore, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976, saboda haka kowane ɗigo launi ɗaya kaɗai yake aunawa, sauran biyun kuwa lissafo su ake yi daga maƙwabtansa. Ɗanyen fayil yana ajiye waɗannan awon ne kafin a yi lissafin, kuma yana ajiye su da faɗi: JPEG yana da matakan haske 256 a kowane launi, alhali ɗanyen fayil yana da 4096 ko 16384, gwargwadon kyamarar. Bambancin kamar na yadi ne da ɗinkakkiyar riga, wadda ana iya rage mata hannu amma ba a iya sauya mata yanka. Ke nan manhajar da ka zaɓa ita ce ke yin lissafin launi, ita ke yanke yawan duhu da haske, shi ya sa fayil guda kan fito da kama daban a manhajoji daban.

Wani abu da ke rikita masu farawa shi ne hoton da suke gani a bayan kyamara bayan sun ɗauka. Wannan ƙaramin JPEG ne da kyamarar ta gyara ta cusa a cikin ɗanyen fayil ɗin, kuma jadawalin hasken da take nunawa ma daga gare shi aka zana shi. Idan aka buɗe fayil ɗin a manhajar da ba ta kamfanin kyamarar ba, sai a ga hoton mai kyau na ɗan lokaci, sannan ya kuɓuce, wani mai dishi-dishi ya maye gurbinsa. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta ajiye gyaran kyamara a gefe ta fara nata.

Saboda wannan dalili nake ba duk wanda ya tambaye ni shawarar ya fara da manhajar kamfanin da ya ƙera kyamararsa. Canon yana da Digital Photo Professional, wadda ake sauke ta kyauta da lambar da ke jikin kyamarar, Nikon ya fitar da NX Studio a 2021, ita ma kyauta, Sony kuma yana da Imaging Edge. Waɗannan sun san saitin da ka yi a kyamara, suna buɗe hoton da launin da ka gani lokacin ɗauka, don haka mai koyo yana farawa ne daga wuri mai kyau, ya matsa daidaiton fari, wato saitin da ke sa farin abu ya fito fari, ko ya dawo da hasken rigar da ya kusa ƙonewa, ya ga da idonsa abin da kowane maɓalli ke yi. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu musamman. Ƙurar hunturu tana shiga cikin kyamara duk lokacin da aka cire gilashi aka sauya wani, kuma idan ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ka ɗauki sararin sama za ka ga ɗige-ɗigen toka a wurare guda a kowane hoto. Kyamarorin Canon da Nikon suna iya ɗaukar taswirar wannan ƙura, manhajojinsu kuma su yi amfani da ita wajen share ɗigogin daga hotuna masu yawa. Aibin waɗannan manhajoji shi ne nauyin jiki idan hotuna sun yi yawa, da kuma cewa kowace ba ta karanta ɗanyen fayil sai na gidansu, wanda hakan matsala ce ga wanda ke aiki da Canon yau, gobe ya ari Nikon a wurin abokin sana'a.

Lightroom na kamfanin Adobe, wanda ya fito a 2007, shi ne sunan da kowa ke ji, kuma ba a banza ya yi suna ba. Wajen tace hotunan biki ɗaruruwa, a ware na ajiyewa, a gyara guda ɗaya a kwafe gyaran zuwa sauran da aka ɗauka a haske iri ɗaya, ban ga wanda ya fi shi sauƙin hannu ba, kuma darussansa sun cika intanet da Faransanci da Ingilishi. Amma Lightroom 6 na 2015 shi ne na ƙarshe da aka sayar sayen mallaka. Tun daga nan sai biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara da katin banki da ke aiki a intanet, kuma manhajar tana buƙatar ta leƙa intanet lokaci-lokaci ta tabbatar an biya. Idan biyan ya tsaya, hotunanka suna nan kana iya ganinsu, amma sashen gyara yana rufewa. Ga mai shagon hoto a Sabon Gari wanda ke da aikin aure da suna kusan kowane mako, wannan kuɗin aiki ne kamar na wuta da na haya. Ga ɗalibin jami'ar André Salifou da ke koyo da kyamarar hannu ta biyu, ɗawainiya ce da ba ta zama dole ba.

Na san akwai kwafin Lightroom da aka fasa yana yawo a ƴan sandunan ajiya daga hannu zuwa hannu. Ban da batun haƙƙin masu shi, wanda ba ƙaramin abu ba ne, galibinsu tsofaffi ne, kuma tsohuwar manhaja ba ta san sabuwar kyamara ba. Canon ya fara sauya tsarin ɗanyen fayil daga CR2 zuwa CR3 a 2018, kuma Lightroom 6 ba ya buɗe CR3 sai an fara juya shi zuwa DNG, tsarin ɗanyen fayil na Adobe, da wata ƴar manhajar kyauta ta kamfanin. Haka nan babu wanda zai iya ba ka tabbacin abin da aka ɓoye a cikin kwafin da za ka ɗora a kwamfutar da hotunan mutane ke ciki. Capture One na ƙasar Danmak da DxO PhotoLab na Faransa suna da inganci ƙwarai, na biyun ya shahara wajen share tsaki-tsakin da ke fitowa a hoton dare, amma dukansu na kuɗi ne masu yawa kuma suna son kwamfuta mai ƙarfi, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Inda nake ganin ya kamata masu hoto a garin nan su fi mai da hankali shi ne manhajoji biyu na kyauta waɗanda masu sa kai ke rubutawa. RawTherapee, wadda Gábor Horváth na ƙasar Hangari ya fara kuma aka buɗe ta ga kowa a 2010, tana da ƙarfi wajen fito da ƙananan bayanai, kuma tana iya kwaikwayon hasken JPEG ɗin da ke cikin fayil don ka fara daga kusa da abin da ka gani. Amma ba ta da rumbun tsara hotuna na gaske, kuma gyaran wani yanki na hoto shi kaɗai ya makara kafin ya shigo cikinta. Darktable, wadda Johannes Hanika ya fara a 2009 kuma ta zo Windows a ƙarshen 2017, tana haɗa tacewa da gyara wuri guda, tana fitowa sabuwa sau biyu a shekara, kuma ita ce nake aiki da ita. Dukansu suna da fuska ta Faransanci, ba sa neman intanet bayan an sauke su, kuma mutum guda na iya saukewa ya raba wa abokan sana'arsa ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba.

Ba zan ɓoye cewa darktable tana da wuyar shiga ba. Maɓallanta sun yi yawa, wasu suna yin aiki kusan iri ɗaya, kuma wanda ya buɗe ta yana taɓa komai zai gaji kafin ya ga amfaninta. Abin da ke sauƙaƙa ta shi ne a taƙaita kai ga kayan aiki kaɗan a farko: a daidaita hasken gaba ɗaya bisa fuskar mutum, a gyara daidaiton fari, a bar ɗaya daga cikin kayan aikinta biyu, sigmoid ko filmic, ya tattaro hasken da ya wuce kima, sannan a ɗaga inuwa da na'urar daidaita matakan haske. Misali, a hoton dattijo mai farar babbar riga a gindin katangar Birni da tsakar rana, zan ɗaga hasken har fuskar ta bayyana ko da rigar ta yi kamar ta ƙone, sannan in ja farin ƙasa a hankali har zaren aikin wuyan ya dawo, aska takwas ɗin ta fito layi-layi. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan lokacin ɗauka ba a bar rigar ta ƙone a ɗanyen fayil ɗin kansa ba, domin abin da faifan bai auna ba babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi da gaskiya.

Hanya mafi aminci ta gwada manhaja ita ce da hotunanka masu wuya, ba da hotunan talla na masu ita ba, waɗanda aka ɗauka a wani haske da wata fata. Ka ɗauko hoton tsakar rana irin wanda na ambata, da hoton jan kaya mai ƙarfi, domin ja ne ke fara cikewa ya zama shafe guda babu naɗi babu inuwa, da hoton ranar hazo, da na zaman biki da dare inda fitilu iri biyu suka haɗu, ɗaya mai ruwan ɗorawa ɗaya mai shuɗi-shuɗi. A hoton hazo ka lura da ko manhajar tana ƙoƙarin wanke ƙurar gaba ɗaya ta mai da sararin sama shuɗi, alhali launin ƙasa-ƙasan nan shi ne hunturun. A sauran kuwa ka duba fata, ko ta riƙe launinta ko ta koma toka ko ta yi ja. A nan akwai jarrabawar da ba ta manhaja ba ce, domin sau da yawa wata daga dangin amarya za ta leƙo allon ta ce, “Malam mai hoto, don Allah a ƙara mata haske.” Ɗaga inuwar da ta rufe fuska gyara ne, amma sauya wa mutum launin da Allah ya ba shi wani abu ne daban, kuma ni nakan tsaya a na farkon in nuna musu hoton a babban allo, galibi su gamsu.

Kwamfutar da kake da ita tana da ƙuri'a a wannan zaɓi fiye da yadda ake zato. Da RAM mai gigabait 4 komai zai yi ta jan ƙafa, 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ake aiki da shi cikin natsuwa, kuma sababbin hanyoyin share tsaki-tsaki irin wanda Adobe ya shigar a 2023 suna iya cin mintoci a kan hoto guda idan babu katin hoto mai ƙarfi. A watannin bazara kwamfutar hannu takan yi zafi ta rage gudu da kanta, saboda haka ya fi kyau a tara hotunan da za a fitar a sake su gaba ɗaya da dare ko da sassafe, lokacin da ake da wuta. Ɗanyen fayil na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, ke nan biki guda yana iya cin gigabait masu yawa, kuma sayen faifan ajiya na biyu ya fi gaggawa a kan sayen kowace manhaja.

Abin da ya sa zaɓin ke da nauyi shi ne gyara ba ya ƙaura. Waɗannan manhajoji ba sa taɓa ainihin bayanan hoton, suna rubuta jerin umarni ne a gefe: Lightroom a cikin kundinsa, darktable a ƙaramin fayil mai ƙarewa da xmp, RawTherapee a mai ƙarewa da pp3, kuma babu wadda ke fahimtar umarnin wata yadda ya kamata, duk da cewa taurarin nuna darajar hoto da kalmomin da aka liƙa masa sukan bi shi. Wanda ya shekara biyu yana gyara a wuri guda sannan ya sauya, zai tarar da ɗanyun fayilolinsa lafiya amma aikinsa ya zauna a baya. Saboda haka gwaji na farko ya kamata ya zama da gangan kuma ya ƙare, sannan a zauna a kan guda a koye ta sosai. Duk hoton da aka gama kuma yake da muhimmanci, a fitar da kwafinsa a JPEG mai cikakken inganci ko TIFF a ajiye tare da ɗanyen, a tsarin launi na sRGB idan na waya ne ko na shagon wankin hoto, kuma idan za a tura wa mai shi ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, wato document, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta zubar da yawancin abin da aka sha wahalar fitowa da shi.