Alhajin Gwarimpa da wayarsa

Talata, Abuja.

Abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, Oga ya ce in riƙe mata kwastomominta na sola har ta dawo. Da na shiga HubSpot da safe, manhajar da muke ajiye bayanan kwastomomi da bibiyar imel ɗin da muke tura musu, nawa kaɗai nake gani, nata a rufe. Sai da mai kula da kwamfutocinmu ya fito daga cunkoson Nyanya ya buɗe mini izini.

Gaskiya na ɗan ji nauyi. Ga duk imel ɗin da ta tura, ga lokacin da aka buɗe kowanne, ga wanda ya danna ya duba farashi. Har da waɗanda ta aika da tsakar dare, da tsohon cikinta. Allah ya raya abin da aka samu.

Oga ya leƙo ta bayana ya nuna allo. "Malam, ka ga wannan Alhajin na Gwarimpa? Babu saƙon da bai buɗe ba. Shi za ka fara kira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wataƙila wayarsa ce ke buɗewa, ba shi ba."

Yadda abin yake, manhajar tana liƙa wani ɗan hoto a cikin saƙo, bai kai ƙwayar gero ba, ido ba ya ganinsa. Da zarar waya ta sauke hoton, sai a rubuta an buɗe. To tun 2021 da kamfanin Apple ya fito da iOS 15, tsarin da ke tafiyar da wayoyin iPhone, duk wanda ya kunna kariyar sirri a manhajar Mail, ana sauke masa hotunan ko bai taɓa saƙon ba. Shi kuwa wanda ya toshe hotuna, zai karanta tsaf amma ba a ƙirga shi. Da irin wannan lissafi ake son auna ƙoƙarin ma'aikaci a ƙarshen wata, abin da ban taɓa yarda da shi ba ke nan.

Bayan azahar na bi waɗanda suka ba da amsa. Wata Hajiya mai makaranta a Kubwa, allo bai nuna ta taɓa buɗe komai ba, amma ga amsarta tana tambayar batir nawa zai ɗauki fanka da firji. Na kira ta, mun tsayar da Alhamis a je a duba rufin.

Alhajin ma na kira shi saboda Oga. Ya ce, "Wace sola kuma?"