Talata a ɗakin gwaji: gishiri, sukari da tafasar ruwa

Yau 'yan aji biyu na babbar sakandare suka yi gwajin haɗin sinadarai. Kayan aikin ba su da yawa: batir mai bolt 9, ƙwan LED, rizista (abin da ke rage ƙarfin wutar da ke wucewa) mai om 470, da sandunan gawayi biyu da aka zaro daga tsohon batirin tocila. Rizistar dole ce, domin in babu ita, ana taɓa wayar jan ƙarfe ƙwan zai ƙone. A ƙarfe elektiron sake suke, wuta na wucewa ba shamaki.

Sandunan ake sa wa a cikin abin da ake gwadawa: in wuta ta wuce, ƙwan ya kama. Busasshen gishiri bai kunna ƙwan ba. Da aka narkar da giram 5 cikin tataccen ruwa mililita 100, sai ya kama. Haɗin ayonik ke nan: sodiyam ya ba kulorin elektiron ɗaya, kowanne ya ɗauki caji, amma a ƙwayar gishiri a ɗaure suke, sai ruwa ya sake su suke iya kai wuta. Sukari kuwa tarayya atom ɗinsa suke yi a elektiron, wato haɗin kobalen, shi ya sa ya narke sarai amma ƙwan bai motsa ba.

Rukuni ɗaya sun samu ɗan haske a ruwan sukari. Dalili biyu ke jawo haka: ko an ɗebo ruwan burtsatse, wanda dama yana ɗauke da narkakkun gishirai, ko ba a ɗauraye sandunan ba bayan gishiri. Nasu na biyun ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar wata ɗaliba: "Malam, in ruwa ya tafasa, ai haidirojin da oksijin ne suke rabuwa ko?" Rabin ajin haka suka ɗauka, kuma a nan ake asarar maki a WAEC. Tururi ruwa ne, H₂O ɗin nan dai. Haɗin da ke cikin molekul, wato ƙwayar ruwa guda, tsakanin O da H, yana buƙatar makamashi kusan kilojul 460 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) kafin ya tsinke. Tafasa kuwa kusan 41 kawai take ci, saboda abin da take rabawa shi ne jan da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa, haɗin haidirojin. Duk rashin ƙarfinsa, shi ya riƙe mana ruwa a randa. H₂S, wato haidirojin salfaid, ya fi ruwa nauyi, giram 34 a kowane mol, ruwa kuwa 18, amma tun a digiri 60 ƙasa da sifili yake tafasa, don ba shi da wannan jan.

Da ruwa ya tafasa, ma'aunin zafinmu ya tsaya wajen digiri 98, ba 100 ba, yara suka ce ya lalace. Lafiyarsa lau; Bauchi tana kan tudu kusan mita 600, iska ba ta danna ruwan sosai.

Ranar Alhamis naftalin za mu narkar, wato ƙwallayen kafur ɗin da ake sa wa cikin tufafi, a digiri 80. Cikin kwalbar gwaji za a sa shi a tsoma a ruwan zafi, ba bisa harshen wuta ba, domin yana kamawa, kuma tagogi a buɗe.