Ɗan ƙarfen da ya raba wuƙata da aikin da ba nata ba

Sana'ata wayarin ce, haɗa wayoyin lantarki a gidaje da shaguna, kuma duk wanda ya san aikin ya san rabinsa ɓamɓare-ɓamɓare ne. Ga kilif ɗin da ya riƙe waya a bango, ga murfin soket da fenti ya manne, ga ƙusar da ta lanƙwashe cikin katako, ga gwangwanin da ya ƙi buɗuwa. Yawancinmu da wuƙar aljihu muke fama, ko makullin gida, ko bakin sukuddireba. Shi ya sa da wuya ka karɓi wuƙar mai wayarin ka tarar tsininta bai guntule ba.

Dalilin guntulewar shi ya fara kai ni neman wani abu dabam, wato ɗan ƙarfen ɓamɓara na aljihu. Ƙarfen wuƙa ana taurara shi ne don kaifi ya daɗe, yawanci tsakanin 56 da 62 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, sannan a siranta bakinsa. Ƙarfe kuwa idan ya yi tauri ya siranta, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ƙarfen ɓamɓara ba a kai shi wannan taurin, kuma ana barinsa da kauri, don ya jure dannawa ta gefe. Aiki biyu ne mabambanta, kowanne da kayansa.

Na fara da irin ƙananan da ake ratayawa a zoben makulli. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Shard na kamfanin Gerber da ke Portland a Amurka: tsawonsa wajen santimita 7, ba shi da kaifi, yana da tsaga a baki, da mabuɗin kwalba, da bakin sukuddireba. Amfanin masu wannan girma ɗaya ne, amma babba: kullum suna jikinka. Kwali, murfin gwangwanin fenti, ƙananan kilif, duk suna yi. Inda suke tsayawa shi ne wajen ƙusa mai tsawo, domin ƙarfin ɓamɓara daga tsawon hannun yake fitowa. Idan tazarar da ke tsakanin hannunka da inda ƙarfen ya dogara ta ninka tazarar madogarar zuwa ƙusa sau biyar, ƙarfinka ma sau biyar yake ninkuwa. Abin da yatsa biyu kawai ke iya riƙewa ba zai ba ka haka ba. A hannuna, santimita 10 zuwa 12 shi ne daidai: tafin hannu ya kama shi sosai, kuma ya kwanta a aljihun wando ba tare da ya soki cinya ba in na durƙusa.

Sai batun irin ƙarfen. Masu sha'awar kayan aljihu suna matuƙar son titaniyom, musamman gaurayen da ke da kashi 6 na alminiyom da kashi 4 na banadiyom. Na gane abin da ya ja su. Ya fi baƙin ƙarfe sauƙi da fiye da kashi 40 cikin 100, ba ya tsatsa ko da gumi ya jiƙa shi yini guda, abin da ba ƙarami ba ne a zafin watan Afrilu. Sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba, ya fi saurin tanƙwaruwa idan an danna shi, kuma bakinsa na saurin cinyewa in ana yawan juya sukuru da shi. Ga mai buɗe kwali a ofis, madalla. Ni da nake soka nawa tsakanin siminti da katako, baƙin ƙarfe na zaɓa. A yi hattara kuma da masu arha da ake rubuta wa titaniyom alhali launi kawai aka shafa. Titaniyom ba ya kama maganaɗisu, amma wasu ƙarafa marasa tsatsa ma ba sa kamawa, don haka a haɗa da jin nauyinsa a hannu.

Abin da na fi ba muhimmanci yanzu shi ne bakin. Da yawa daga waɗanda na duba an cika su da ramuka da zane-zane, an ce suna aiki goma sha wani abu, amma bakinsu kauri kamar na cokali, ba ya shiga ko'ina. Ƙarfen ɓamɓarar da bai shiga tsaga ba, me zai ɓamɓare? Ina son baki mai faɗi wanda ya siranta a hankali, ya ɗan karkata sama kaɗan don ya samu wurin dogara, da tsaga a tsakiya mai kama kan ƙusa. Ramukan da ake hudawa a jiki kuwa, kowanne rage ƙarfinsa yake yi, in ya zo karyewa ta nan zai fara.

Wanda nake ɗauka yau maƙeri ne ya ƙera mini daga guntun sifirin mota, ƙarfen da dama an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo. Na zana masa siffar a takarda, na ce, “Baba, kada a ba shi tauri irin na wuƙa.” Ya gane nan take. Na goge gefunan da magagari don kada su ci aljihu, na saka igiya a ramin baya. Yana tsatsa in an bar shi, saboda haka nakan shafa masa ɗan mai lokaci-lokaci.

Wurare biyu ba na kai shi. Ba ya taɓa akwatin wuta sai na kashe layin na kuma gwada da tasta, domin duk jikinsa ƙarfe ne, ba roba a mariƙinsa. Ba na kuma ɓamɓare batirin waya da shi, ko a ara wa yaran shago don haka: batirin litiyom idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta, wannan aikin na abin roba ne. In zan ɗaga wani abu a jikin bango mai sabon fenti ko tayil, nakan sa guntun kwali a ƙarƙashin madogarar, kada in bar wa mai gida tabo.