Awarar naira 200

Talata da dare. An ɗauke wuta tun la'asar, da ɗan guntun cajin da ya rage nake rubutun nan, in kun ga ya yanke a tsakiya kun san dalili.

Yau dai mun cike wa Auta fom ɗin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu. Tun ƙarfe tara muke kafen bakin titi, ni da ita da jakar takardu: lambar JAMB, lambar NIN, BVN, takardar samun gurbi, hoto. Sau uku sabis yana ɗaukewa ana komawa farko. Da na lissafa kuɗin adaidaita da na kafe da na fotokwafi sai dariya ta kama ni, ashe neman taimakon ma sai kana da ɗan abin hannu. Auta kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. A hanya har ta fara rabon naira 20,000 ɗin da ake bayarwa duk wata, wai rabi kuɗin mota, sauran takardun karatu, sai ɗan canjin da za ta riƙa saya wa Umma lemo. Na ce ki bari kuɗin ya shigo tukuna.

Rigimar tana gida tana jiran mu.

Baba yana kan tabarmarsa a zaure, rediyo a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa an gama. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Uwata, wannan abin da kuka cike, kyauta ne ko bashi?"

Na ce bashi ne, Baba, amma babu ruwa a kai. Makarantar ake tura wa kuɗin rajista kai tsaye, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Kuma ba za a fara karɓa ba sai ta yi shekara 2 da gama bautar ƙasa, in ta samu aiki a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinta har ta gama. Na ƙara da cewa dokar da aka sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta cire batun mai tsaya wa mutum, don na san abin da zai fara tambaya ke nan.

Ya ce, "To ai bashi ne."

Na ce e, bashi ne.

Ya rage sautin rediyon. Duk wanda ya san Baba ya san in ya rage rediyo, labarin TC, kwalejin horon malamai, zai ɗauko. Shekarar da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato 1976, gwamnati na neman malaman firamare ido rufe, aka yi ta buɗe kwalejojin horon malamai ana kwasar yara. Ya ce abinci sau uku, sabulu, littattafai, kayan makaranta, kuɗin mota ranar hutu, ga alawus a kai. Ya ce da alawus ɗinsa ya fara saya wa Inna atamfa, yana ɗalibi. "Mu biyan mu aka yi muka yi karatu. Ke kuma kin zo kina mini murna an ranta wa 'yata."

Na buɗe baki zan ce zamanin ya canza, yawan ɗaliban yanzu ba na lokacinku ba ne, kuɗin man fetur da gwamnati ke samu ma ba na da ba ne. Duk gaskiya ne, kuma ya fi ni sani. Sai na haɗiye. Abin da na iya cewa kawai, "Baba, in ba wannan ba, da me za mu biya?" Fanshonsa mun san inda yake tsayawa, ɗinkina ma haka.

Sai ya tambayi abin da ban shirya masa ba. In ta gama, aka yi mata aure, ba ta samu aiki ba, sannan ta Allah ta kasance a kanta, wa zai tsaya mata? Ya ce shi ya sha halartar jana'iza, ya ji liman yana tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, ya ga yadda ake kallon ƙasa. Na ce masa yadda na fahimta, ba a matsa wa wanda bai samu aiki ba. Ya ce shi ba matsawar gwamnati yake ji ba.

Umma daga tsakar gida ta ɗaga murya, "Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka sa mata albarka kawai." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce Allah ya sa alheri, ya ƙara sautin rediyonsa. Auta tana bayan labule duk ta ji. Da na shiga ɗaki na tarar ta daina lissafin lemo.

Tuwo da miyar kuka. Ƙaramin cikin yaran ya zubar da nasa rabin. Ɗinkin bikin Asabar ban taɓa shi ba.

Abin da ya hana ni barci ma ba maganar Baba ba ce. Bayan magariba na fita sayo wa yara awara a lungun baya, sai na tarar ƙawar Auta ce a bakin kaskon, yau babarta ba ta da lafiya. Kun tuna ta, wadda suke zuwa bitar lissafi tare a zaurenmu, ita ke koya wa Auta ma. Makarantar gwamnati ɗaya, aji ɗaya, benci ɗaya. A aji biyar suka zauna kwalifayin, jarrabawar da in ka ci yadda aka gindaya gwamnatin jiha ke biya maka kuɗin NECO. Auta ta tsallake. Ita zazzaɓi ya kwantar da ita a satin, sakamakon bai kai ba. Aka ce sai a biya mata, babanta ya yi ta buga-buga har aka rufe rajista. Shi ke nan. Ba NECO, ba JAMB, ba gurbi, bare ta kai matakin da za a ce mata ga rance, a zauna a zaure ana muhawara kan ya dace ko bai dace ba. Duk wata ƙofar tallafi da na sani sakamakon jarrabawa take fara tambaya.

Kuma ni na san lokacin da abin ya faru. Na ji Auta tana faɗa, na ce Allah sarki, na ci gaba da taka kekena. Kuɗin bai fi ƙarfin mutum biyar na unguwar nan ba in an haɗa hannu. Ban tambayi kowa ba.

Tana juya awara ta ce, "Yaya, an ce kun je cike wa Auta fom. Ya shiga?" Na ce ya shiga. Ta ce, "Kai, alhamdu lillahi, ki ce mata in ta fara ta riƙa kawo mini takardunta ina dubawa."

Na ba ta 200. Ta ƙara mini guda biyu gyara, ta barbaɗa yaji, ta ƙulle ledar.