Wasiƙa daga Landan: Lambunan da ake shiga da mabuɗi

Jama'ar gida, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ba ku labarin wasu lambuna da ke tsakiyar tsofaffin unguwannin Landan, waɗanda gidaje suka kewaye ta kowane gefe, aka zagaye su da shingen ƙarfe, ba a shiga sai da mabuɗi. Masu filaye ne suka tsara su da gangan tun ƙarni na 17, domin sun lura gidan da tagarsa ke kallon bishiyoyi ya fi tsada. Dandalin Bedford, wanda aka fara ginawa a 1775, har yau lambunsa a kulle yake, haka ma na Belgrave, inda ofishin jakadancin Ghana yake.

Baƙo zai iya kiran wannan rowa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Sai dai a ganina, abin da ya raya lambunan shi ne kowannensu yana da masu ɗaukar nauyinsa. A unguwar Kensington, bisa wata doka ta 1851, mazauna gidajen kewaye suna biyan kuɗin kula da lambu tare da harajin ƙaramar hukuma, kwamitinsu kuma shi ke ɗaukar mai lambu, ya yanke shawarar abin da za a dasa da reshen da za a sare. Da aka ga an cinye wasu da gine-gine bayan 1920, majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka a 1931 wadda ta hana gini a kan fiye da dandali 400.

Bishiyar da ta mamaye su ita ce wadda ake kira London plane. An so ta ne saboda ɓawonta yana ɓarewa ya zube tare da dattin da ya manne masa, shi ya sa ta jure hayaƙin kwal na zamanin da. Waɗanda ke dandalin Berkeley, wanda yanzu kowa ke shiga, an dasa su a 1789 kuma suna nan tsaye. Ƙarƙashin irin wannan inuwa furanni ba su cika yin kyau ba, don haka ake dogara da ciyawa da ƙananan itatuwa masu jure inuwa a bakin shinge.

A lokacin yaƙin duniya na biyu an cire shingaye da yawa don a narka ƙarfen, talaka ya samu shiga na ɗan lokaci, daga baya aka sake killace wasu. Yanzu ana buɗe da dama daga cikinsu a ƙarshen mako guda na watan Yuni, ga duk wanda ya sayi tikiti.

Ku huta lafiya.
Naku, daga Landan.