Aikinmu da React: ba a gyara bayanai a inda suke

Shafukan intanet da manhajoji muke ginawa a ɗan kamfaninmu, kuma React muka fi riƙewa, wato manhajar JavaScript ta gina abin da ake gani a allo, wadda Facebook ta saki ga jama'a a 2013. Duk yaron da ya zo koyon aiki, doka ɗaya nake fara karanta masa: bayanan da manhaja ke riƙe da su, ba a yi musu gyara a inda suke. In kana son canji, haɗa sabon kwafi mai ɗauke da canjin ka miƙa wa React, tsohon ka bar shi yadda yake.

React ba ta leƙa cikin ƙunshin bayanai. Da Object.is take kwatanta tsoho da sabo, tambayarta ɗaya ce: wannan na ɗazu ne ko wani ne? Idan ka cusa kaya cikin jeri da push, jerin dai na ɗazu ne, sai ta ɗauka babu abin da ya faru. Mai sayayya ya danna maɓalli, kaya sun shiga kwando, amma lambar da ke kan allo ta tsaya cak. Shi ya sa push da splice da sort, masu gyara jeri a inda yake, ba sa taɓa irin waɗannan bayanai a wurinmu. Map da filter, masu fitar da sabon jeri, muke amfani da su, sai toSorted da ta shigo JavaScript a 2023.

Masu aikin araha kuwa ko a jikinsu. Kwastoma zai zo ya yi ta ciniki, wai ga wani zai yi masa a rabin kuɗin. To, Allah ya ba da sa'a. Bayan 'yan watanni sai ga shi ya dawo, mu buɗe aikin mu tarar duk canji ɗaya sai an kwafe bayanan kaf da structuredClone don a tilasta wa allo motsi. Kowane reshe na bayanan ya zama sabo, React.memo, mai hana sake zana abin da bai canza ba, ta zama banza, shafi gaba ɗaya ana sake zana shi saboda harafi ɗaya da aka rubuta. Araha ba ta ado. Gwaninta ita ce ka kwafi reshen da ya canza kaɗai, da hanyar da ta kai gare shi, sauran su ci gaba da zama na da. Kuma ɗigo ukun nan (...) da ake kwafi da su a JavaScript, saman ƙunshi kawai suke ɗauka, na ciki sai ka bi shi da kanka.

A kan Redux na koyi wannan, wato manhajar tara bayanai a wuri ɗaya, wadda Dan Abramov da Andrew Clark suka fitar a 2015. Maigidana da hannu yake sa mu rubuta kowane canji, ɗigo uku cikin ɗigo uku har ido ya gaji. In mun gama sai ya buɗe Redux DevTools ya ja manhajar baya, mataki bayan mataki, allo na komawa yadda yake. Da tsohon kwafin bayanai ɗaya ya taɓu, nan take asiri zai tonu.

Yanzu akwai Immer ta Michel Weststrate, tana cikin Redux Toolkit: ka rubuta kamar kana gyara kai tsaye, ita ta fitar maka da sabon kwafi. Muna amfani da ita sosai, amma ɗan koyo ba ya taɓa ta sai ya ƙware a na hannu. Wanda shafinsa ke nuna tsohuwar lamba sai an sake loda shi, ya kawo mana mu duba, amma don Allah ban da cinikin rabin kuɗi.