Godiya Daga Ahmedabad Bayan Kofin Gujarat Titans

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana daren Lahadi, 29 ga Mayu 2022, ya kai mu filin wasa na Narendra Modi da ke unguwar Motera lafiya, ya kuma fito da mu lafiya daga cikin taron da ya haura mutum dubu ɗari. Gujarat Titans, ƙungiyar kurket ɗin da a farkon shekarar 2022 ko suna ba a raɗa mata ba, ta ɗauki kofin IPL, wato babbar gasar kurket ta ƙungiyoyin Indiya, a kakarta ta farko. Tun daga daren nake ta samun saƙonnin taya murna daga gida, wasu kuma suna tambayar me ya haɗa ɗalibi Bahaushe da kurket. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na zauna in rubuta wannan, don akwai mutane da dama da ke bina bashin godiya.

Na farkonsu abokin karatuna ne, ɗan asalin garin nan, wanda muke haya gida ɗaya. Ba zan kama sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa kawo mini ziyara ya san shi. Shi ne ya zaunar da ni da takarda da biro ya zana mini fili, ya nuna mini cewa a gajeren kurket kowane ɓangare jifa 120 yake da shi, an kasa su zagaye 20, kowane zagaye jifa shida. Idan mai bugu ya kora ƙwallo ta ƙasa ta tsallake igiyar iyaka ya ci maki huɗu, idan ta sama ta tsallake ya ci shida. Da fitar 'yan wasa goma bugun ɓangaren ya ƙare, ko da saura jifa. Bai taɓa gajiya da tambayoyina ba, ko a tsakiyar wasa lokacin da hankalinsa ke kan talabijin. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri.

Abin da ya fi yi mini kuwa ya wuce koyar da ƙa'ida. Duk wanda ya zauna a Indiya ya san cewa hirar kurket tana ko'ina, a aji, a wajen mai shayi, a cikin adaidaita sahu. Baƙo yana zaune ana hira ta kansa, domin magoya bayan Chennai da Mumbai da Kolkata suna da tarihin da ya faro tun 2008, suna tuna wa juna wasannin da suka kalla suna 'yan firamare, kai kuwa ba ka da abin cewa. Sai ga shi a watan Oktoban 2021 hukumar kurket ta Indiya ta sayar da sababbin gurabe biyu. Kamfanin RPSG ya sayi na Lucknow a kan rupi biliyan 70 da ɗoriya, kamfanin zuba jari na CVC Capital ya sayi na Ahmedabad a kan rupi biliyan 56 da ɗoriya. Ranar da aka sanar, abokin nan nawa ya ce mini wannan ƙungiyar tare za mu fara ta, babu wanda ya riga wani. Haka kuwa aka yi. Ranar 28 ga Maris, da Mohammed Shami na Gujarat ya fitar da KL Rahul, kyaftin ɗin Lucknow, da jifan farko a tarihin ƙungiyar, ni da wanda aka haifa a bakin kogin Sabarmati da ya ratsa Ahmedabad lokaci ɗaya muka gani. Daga ranar na samu bakin magana a garin nan, kuma mutanen da muka daɗe muna gaisuwa sama-sama suka zama abokan zama.

Ina gode wa mahaifiyarsa, wadda ni ma Mama nake ce mata. Saboda matakan cutar korona, duk wasannin rukuni a Mumbai da Pune aka buga su, don haka falonta ne ya zama filinmu. Mafi yawan wasannin Afrilu a cikin azumi suka faɗo. Ita ba musulma ba ce, amma ta san lokacin buɗa-baki a Ahmedabad, kuma kafin a kira sallar magariba ta ajiye mini dabino da ruwan sanyi da kichiri mai zafi, wato dafa-dukar shinkafa da wani nau'in wake. Ba ta taɓa mantawa ba. Mama, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya raya miki zuri'a.

Sai 'yan uwanmu ɗalibai 'yan Afganistan. Su saboda Rashid Khan, ɗan ƙasarsu da ke buga wa Gujarat wasa a lokacin, suka shigo tafiyar, kuma sun shigo da zuciya ɗaya. Daren 27 ga Afrilu, muna dawowa daga asham, muka tarar Gujarat na neman maki 22 a zagayen ƙarshe a hannun Sunrisers Hyderabad, tsohuwar ƙungiyar Rashid. Rahul Tewatia ya buga shida, ya karɓi ɗaya, sai Rashid ya ɗaga ƙwallo sama har sau uku a cikin jifa huɗu da suka rage. Na ga samarin da suka daɗe ba su ga iyayensu ba saboda halin da ƙasarsu ke ciki, suna rungumar juna suna hawaye. Tun daga daren muke cin abinci tare, kuma tare muka yi sallar Idi. Na gode muku da wannan zumunci, Allah ya zaunar da ƙasarku lafiya.

Ita kanta ƙungiyar ta cancanci godiya, ko da saƙon nan ba zai kai gare su ba. Bayan gwanjon 'yan wasa na watan Fabrairu, masu sharhi da yawa sun raina ta, suna cewa masu bugunta ba su isa ba, ga shi kuma Jason Roy ya janye kafin a fara. Kyaftin Hardik Pandya, ɗan jihar nan da ya tashi a Vadodara, kafin lokacin bai taɓa jagorantar wata ƙungiya a IPL ba, kuma tun aikin da aka yi masa a baya a 2019 ake shakkar ko zai sake jifa yadda ya saba. David Miller kuwa a zagayen farko na gwanjon babu wanda ya taya shi. Waɗannan mutanen ne suka ci wasa 10 cikin 14, suka zo na ɗaya a teburi. A ganina abin da ya bambanta su shi ne ba su jingina da mutum ɗaya ba. Ranar 8 ga Afrilu Tewatia ne ya buga shida sau biyu a jifa biyun ƙarshe a kan Punjab. Ranar 24 ga Mayu a filin Eden Gardens na Kolkata, ana neman 16 a zagayen ƙarshe, Miller ya buga shida sau uku a jere ya kai mu wasan ƙarshe. Wanda ya gaza yau, gobe za ka ga an sake ba shi dama, kuma ina ganin wannan daga koci Ashish Nehra da Gary Kirsten ya samo asali, mutanen da suka ci kofin duniya tare a 2011, ɗaya yana ɗan wasa ɗaya yana koci.

Tikitin wasan ƙarshe ya yi wuya ƙwarai, domin shi ne karon farko da Gujarat za ta taka filinta na gida. Kawun abokina ne ya samo mana, har da na 'yan uwana Hausawa da suka taso daga Vadodara da Rajkot, kuma ya ƙi karɓar ko rupi ɗaya a kan kuɗin da ya biya. Kawu, mun gode, Allah ya buɗa kasuwa.

A hanya muka gamu da jarrabawa. Zafin Ahmedabad a watan Mayu yana haura digiri 40, ga cunkoso, ga doguwar tafiya a ƙasa daga inda aka tsayar da ababen hawa. Muna dab da ƙofa sai jiri ya kwashi ɗaya daga cikin ƙannenmu, ya sulale. Kafin mu san abin yi, wasu iyali da ba mu taɓa gani ba sun kewaye shi, uwar tana yi masa fifita da gefen mayafinta, uban ya ruga ya sayo nono mai gishiri da ake sha a nan saboda zafi, wani matashi kuma ya kira ma'aikatan lafiya. Sun tsaya tare da mu har ya dawo hayyacinsa, alhali an fara bikin rufe gasa, muryar A. R. Rahman na tashi daga ciki, kuma kuɗi suka biya don su gani. Ba mu samu damar karɓar lambarsu ba, taro ya raba mu. Idan Allah ya sa wani ya fassara musu wannan, su sani cewa mahaifiyar yaron ta ji labari, tana ta sa musu albarka. Haka ma ma'aikacin filin da ya ga muna waige-waige bayan faɗuwar rana, ya gane abin da muke nema, ya nuna mana wani lungu mai tsabta muka yi magariba.

Wasan kansa kun ga sakamako. Rajasthan Royals suka fara bugu suka tsaya a maki 130. Hardik ya fitar da Sanju Samson da Shimron Hetmyer da Jos Buttler, wanda ya fi kowa maki a gasar 2022, kuma maki 17 kacal aka ci a jifansa. Da aka zo ramuwa hankalinmu ya tashi, don tun a zagayen farko Shubman Gill ya ɗaga ƙwallo, Allah ya taimake mu ta suɓuce wa mai cafewa, da ya cafe da Gill ya fita, sannan muka rasa mutum biyu da wuri. Hardik ya zauna ya tara 34, Miller ya zo ya ƙara wuta, Gill ya rufe da bugun shida saura jifa 11. Ƙarar da ta tashi a filin nan har a ƙirjina na ji ta.

Dole in yaba wa magoya bayan Rajasthan da suka zauna kusa da mu. Sun zo da burin sadaukar da kofin ga Shane Warne, wanda ya jagorance su suka ci gasar farko a 2008, kuma ya mutu a watan Maris ɗin 2022. Abin ya yi musu ciwo, duk da haka wani dattijo daga cikinsu ya miƙo mana hannu ɗaya bayan ɗaya kafin ya fita. Na ji nauyin mutumin nan har yanzu.

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibanmu da suka yi ta bugo waya har sai da suka tabbatar kowa ya isa masaukinsa, na gode. Ga direban adaidaita sahun da ya jira mu har bayan sha biyun dare bai ƙara mana kuɗi ba, Allah ya ba shi abin hawan kansa. Ga iyayena, waɗanda suka ga taron a waya hankalinsu ya tashi, Baba da Inna ku kwantar da hankali, lafiyarmu ƙalau, kuma karatu na nan yadda kuka san shi. Ƙanenmu ma ya warware sarai, ya koma Rajkot.

Masu tambaya ko zan koya musu wasan idan na dawo hutu, in sha Allahu zan zo da sanda da ƙwallo, abokina ya riga ya yi mini alkawarin raka ni kasuwa mu zaɓo masu kyau. Duk wanda na manta ban ambata ba, ya yi mini afuwa. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya bar zumunci. Amin.